Sayar da zane a kasuwannin buga riga na intanet: yadda na bi hanyar daga Katsina har kuɗin suka fara ƙaruwa

Tun da abokan sana'a suka gane ina karɓar kuɗin zane daga waje, tambaya ɗaya ake ta yi mini a shago da ta WhatsApp: wane shafi ne ya fi biya? Ga mutumin da ke zaune a Katsina, akwai tambayar da ta riga wannan, wato ta ina kuɗin za su bi su iso hannunsa. Shi ya sa na ga gara in rubuta yadda abin ya kasance mini daki-daki, don wanda zai fara ya san inda zai tsaya da takardun da za a nema a wajensa. Ga wanda bai san tsarin ba, kai aikinka zane ne kawai. Ka yi zane a kwamfuta, ka ɗora shi a shafin kamfani. Wani a Amurka ko Ingila ya gani ya ce yana son sa a jikin riga ko kofin shayi ko sitika. Kamfanin ne zai buga, ya aika masa, ya karɓi kuɗin, sannan ya ware maka kasonka. Ba ka sayen riga, ba ka ajiye kaya, ba ka ma sanin sunan wanda ya saya.

Ni dama aikina zane ne a wani shagon buga takardu da ke wajen Ƙofar Ƙaura: katin gayyatar biki, kalandar amarya da ango, sitikar suna, allon shago, duk da manhajar zane ta CorelDRAW nake yi. Lokacin zaɓen 2023 ba mu da hutu saboda fastoci. Ana gama zaɓe aiki ya ja baya, ga kuma cire tallafin mai a ƙarshen watan Mayu na shekarar, wanda ya sa tayar da janareta don ƙaramin aiki ya zama asara. A watan Yuni kuma Babban Banki ya saki farashin naira, dala ta fara hawa. A irin wannan zama ne na fara kallon bidiyoyin masu wannan sana'a a YouTube. Kusan dukansu Turawa ne ko Indiyawa, kuma duk daga zane suke farawa, domin su maganar karɓar kuɗi ba matsala ba ce a wajensu. A gefe guda kuma ga 'yan gida masu tallar kwas a Facebook, suna nuna hoton alat na dubban daloli, suna cewa ka biya su koya maka sirri. Ban biya kowa ba, kuma har yau ban ga abin da suke sayarwa wanda babu shi kyauta a shafin taimako na kamfanonin kansu ba.

Abin da na fara yi shi ne buɗe shafin biyan kuɗi na kowace kasuwa ina karantawa. Redbubble, wanda kamfanin Ostireliya ne kuma shi aka fi ambata, da na duba a 2023 yana biya ne ta PayPal ko ta banki a wasu ƙasashe irin su Amurka da Ingila da Ostireliya, kuma sai kuɗinka sun kai dala 20 ake turowa. A lokacin, asusun PayPal na Najeriya na aika kuɗi ne kawai, ba ya karɓa. Nan masu dabara suke shigowa, su ce za su buɗe maka asusu da adireshin wata ƙasa. Ban bi ta nan ba, kuma ba na ba kowa shawarar ya bi. Komai zai tafi lafiya har ranar da kuɗi suka taru aka ce ka turo katin shaida da takardar da ke nuna kana zaune a ƙasar da ka ce, kai kuwa kana Rafindaɗi. Da na duba TeePublic, wanda Redbubble ne ya saye shi a 2018, sai na ga yana biya ta Payoneer, wani kamfanin karɓar kuɗi daga waje, shi kuma Payoneer yana aiki da 'yan Najeriya da sunansu da adireshinsu na gaskiya, yana kuma turo kuɗi bankin gida. Amazon ma yana da nasa tsarin na buga riga, wanda ake karɓar kuɗinsa ta lambar asusun da Payoneer ke bayarwa. Saboda haka na ajiye sauran, na tsaya a kan waɗannan biyu.

Cika fom ɗin Payoneer bai ɗauke ni lokaci ba. Suna son cikakken suna kamar yadda yake a katin shaida, ranar haihuwa, adireshi, lambar waya, imel, da asusun banki mai ɗauke da sunanka kai kanka, ba na yayanka ko na matarka ba. A gurbin lambar gidan waya na sa 820001. Bayan nan aka nemi hoton katin shaida. A nan tafiyar ta tsaya, domin sunan mahaifina a takardar NIN Muhammad ne, a banki kuwa tun buɗe asusu Mohammed aka rubuta. Mu a nan mun san suna ɗaya ne, amma na'urar da ke gwada takardu harafi take dubawa. Washegari na je bankina a titin IBB. Na tarar da layi har bakin ƙofa, na karɓi lamba na zauna. Da na isa teburin, matar da ke wajen ta duba kwamfuta ta ce, "Malam, wannan gyaran BVN ne, sai ka kawo takardar rantsuwa daga kotu da kwafin NIN." Na ce, "Hajiya, harafi biyu ne fa." Ta yi murmushi ta ce ko ɗaya ne sai da takarda. Na hau Keke Napep zuwa babbar kotu. A harabar akwai masu buga irin wannan takarda, su suka tsara mini rubutun, na liƙa hoto, na biya kuɗin rasit a ciki, kwamishinan rantsuwa ya sa hannu ya buga hatimi. Kuɗin ba su taka kara sun karya ba, zirga-zirgar ce ta ci wuni guda. Na mayar banki, na cika fom ɗin gyara, aka ce in jira. Sai da aka shiga mako na gaba sunan ya daidaita, sannan na sake tura takardu, aka amince da asusun. Duk wanda zai fara, ya jera NIN da BVN da asusun bankinsa a gabansa tun yau ya duba harafi-harafi, har da wane suna ne a gaba wane ne a baya.

Tunda ina cikin bankin, na tambayi yadda ake buɗe asusun dala. An ba ni jerin abubuwa: hoto fasfo, NIN, takardar biyan kuɗin wuta ta kwanan nan, da mutum biyu masu asusun karant da za su tsaya mini. Takardar wutar gidanmu da sunan Baba take, amma sun karɓa tunda adireshin ɗaya ne, daga baya ma wani ma'aikaci ya zo ya leƙa gidan. Masu tsayawar su ne suka ba ni wuya. Yawancin abokaina asusun ajiya gare su. Mai shagonmu ya sa hannu ba musu, na biyun kuwa sai da na je wajen wani kawuna mai sayar da shadda a Babbar Kasuwa. Ya riƙe fom ɗin yana juyawa ya ce, "Kai, ɗan nan, ba dai irin abin nan na yaran intanet ba ne?" Na ce, "A'a Kawu, zane ne nake sayarwa, su buga a riga." Na nuna masa a waya. Ya ce to wa zai sayi riga bai taɓa yadin ba? Ya dai sa hannu. Gaskiyar magana, mai farawa ba ya bukatar asusun dala a watannin farko, domin Payoneer yana iya juya kuɗin zuwa naira ya zuba a asusunka na yau da kullum. Amfaninsa yana zuwa ne daga baya, idan kuɗin sun ɗan yi kauri kana son ka riƙe su a dala.

Sai bayan duk wannan na buɗe shago a TeePublic. Ba a biyan ko kwabo wajen buɗewa. Inda mai aikin buga takardu irina zai sake koyon aiki shi ne wajen shirya fayil. Mu mun saba da launin CMYK na injin takarda, su kuwa RGB suke so, fayil ɗin PNG wanda bayansa babu launi ko kaɗan, domin duk farin da ka bari a baya haka zai fito a ƙirjin baƙar riga, fili mai kusurwa huɗu. Girman da na ɗauka tun farko shi ne 4500 a 5400 na pikzel, wanda Amazon ke nema ga riga, don kada in riƙa yin aiki biyu. Irin wannan fayil yana da nauyi, yana shan data, saboda haka da dare nake ɗorawa lokacin da layi ya fi sauƙi, laftof na kan cajin solar maƙwabcinmu. Sai maganar salon haruffa. Yawancin waɗanda muke da su a kwamfutocin shago an kwafo su ne hannu da hannu, ba wanda ya san lasisinsu, kuma sayar da zane da harafin da ba a ba ka izinin kasuwanci da shi ba matsala ce. Na koma Google Fonts, inda lasisin ya yarda da kasuwanci. Sannan ba kowane salo ne ke da ƙ da ɗ da ɓ ba. Za ka rubuta "ƙauna" ka ga harafin farko ya zama akwati ko ya koma wani salo daban. Noto Sans da Andika suna da su. Idan kuma salon da nake so ba shi da su, sai in mayar da rubutun zane in lanƙwasa ƙugiyar da hannuna. Kowane zane kuma yana son suna, da bayani, da babbar kalmar nema guda ɗaya, da wasu ƙanana masu taimaka mata, duk da Turanci.

Daga nan sai shiru. Wannan shi ne matakin da ba a nuna shi a bidiyo. Na zuba zane-zane masu yawa, wasu karin magana ne na Hausa, wasu taswirar Najeriya, wasu kalaman ƙarfafa gwiwa irin waɗanda kowa ke yi. Kullum da asuba kafin in fita masallaci sai na duba imel. Makonni suka wuce ba ko ɗaya. Akwai lokacin da na ji kamar kuɗin datar nan gara in sai wa yara biredi da su. Cinikin farko da ya shigo sitika ce, ribarta ba ta kai dala ɗaya ba, amma ranar har mai shayin bakin layinmu sai da ya ji labari. Tsarin TeePublic a lokacin shi ne riga ɗaya dala 4 gare ka idan an saya a cikakken farashi, dala 2 idan lokacin rangwame ne, kuma rangwamen yana yawan zuwa, sabon zane ma da rangwame yake farawa. A 2023 sun raba masu zane gida biyu, ɗaya gidan kasonsa bai kai haka ba, saboda haka kowa ya duba a wane gida aka sa shi kafin ya yi lissafi. Ranar 15 ga wata suke biyan cinikin watan da ya wuce. Kuɗin farko da suka faɗo Payoneer, na tura su banki, bayan 'yan kwanaki alat ya shigo da naira. Ba su da yawa, amma sun tabbatar mini hanyar a buɗe take tun daga can har Katsina, kuma daga ranar hankalina ya koma kan yadda za a ƙara su.

Kafin in kai nan sai da na sha wani karo. Katsina garin folo ne. Tun zamanin Sarki Muhammadu Dikko ake wasan, Sarki Usman Nagogo kuwa sunansa a folo ya wuce Najeriya. Na zana mahayi a kan doki ya ɗaga sanda, baƙi wuluk ba fuska, na rubuta Katsina a ƙasa. A ganina gadonmu na zana. Ba a jima ba ɗaya daga cikin kasuwannin ta aiko imel cewa an sauke zanen, saboda ya yi kama da tambarin kasuwanci na wani babban kamfanin tufafi. Na rubuta musu bayani, amsar da ta dawo ita ce in na ga ina da hujja in shigar da ƙorafi a hukumance, amma in sani yawan irin wannan yana sa a rufe shago gaba ɗaya. Na haƙura da shi. Na sake zana dokin da kayan hawan Sallah, da lifidi da jalala da mahayi mai rawani, wanda ba wanda zai ce nasa ne. Tun daga nan duk jimlar Turanci da zan sa a riga sai na bincika ta a rumbun tambarin kasuwanci na hukumar USPTO ta Amurka, wanda kyauta ne, domin akwai kalmomin da kai za ka ɗauka maganar kowa ce alhali wani ya yi musu rajista a kan tufafi. Da Najeriya ta kai wasan ƙarshe na kofin Afirka a Fabrairun 2024, abokai sun yi ta cewa in zuba rigunan Super Eagles da hotunan 'yan wasa. Ban taɓa ba. Tambarin ƙungiya, fuskar ɗan wasa, sunan mawaƙi, jarumin katun, duk suna da masu su. Kore da fari da kalmar Naija sun ishe ni.

Amazon ba kamar TeePublic ba ne, sai ka nemi izini an duba an karɓe ka. Fom ɗin ya kasu uku: bayaninka da na banki, tambayoyin haraji, sai ɗan rubutu a kan ko kai wane ne da irin zanen da kake yi. A nan na sa adireshin shagona na TeePublic a matsayin shaida. Tambayoyin harajin su ne suka fi rikita mutane. Abin da kake cikawa shi ne fom ɗin W-8BEN, wanda ke nuna kai ba Ba'amurke ba ne. Akwai gurbin da ake tambaya ko ƙasarka tana da yarjejeniyar haraji da Amurka. Najeriya ba ta da ita, don haka kashi 30 cikin 100 ake cirewa daga kason duk abin da aka sayar a kasuwar Amurka kafin ya iso gare ka. Idan kasonka dala 10 ne, 7 za ka gani. Babu dabarar da ke cire wannan ta halal, kuma wanda ya zaɓi wata ƙasa don ya tsere masa ƙarya ya yi a takardar da ya sa wa hannu. Na tura, na jira makonni, har na daina dubawa, sai ga saƙon karɓa. Sabon shiga zane 10 kawai ake ba shi damar ɗorawa. Sai ya yi ciniki a ɗaga shi zuwa 25, sannan 100, sannan 500. Kowane zane kuma sai an tantance shi kafin ya fito. A nan kai ke sa farashi, kasonka yana hawa ko sauka da shi. Da farko na sa farashi ƙasa, riba kaɗan, don riguna su motsa a ɗaga ni. Da wata riga ta fara samun masu saye a kai a kai har da masu yabawa a ƙarƙashinta, sai in ƙara mata dala ɗaya ko biyu in zuba ido. Yawanci cinikin bai ragu ba. Gurbi 10 ɗin nan ya yi mini amfani ta wata fuska: ya tilasta mini zaɓe, ya hana ni zuba duk abin da hannuna ya zana.

Abin da ya juya lissafin shi ne wani littafi mai layi da na saya a bakin kasuwa. Duk ciniki sai in rubuta: wane zane, a kan wane kaya, wane launi, wace ƙasa, wane wata. Bayan 'yan watanni littafin ya nuna mini abin da ban zata ba. Kalaman ƙarfafa gwiwa ba su sayar da komai ba, domin akwai dubban irinsu kuma nawa yana can ƙarshen layi. Karin maganar Hausa suna motsi, amma kaɗan kuma lokaci-lokaci: gab da Sallah, da wajen 26 ga Agusta da ake Ranar Hausa ta Duniya, da 1 ga Oktoba. Hausawan da ke Amurka da Ingila ba su kai yawan da za su riƙe shago su kaɗai ba, kuma ɗan uwanmu na gida ba zai biya dala 20 da kuɗin aikowa a kan rigar da za a buga masa a Ƙofar Ƙaura da kuɗi kaɗan ba. Abin da ke tafiya ba tare da hayaniya ba shi ne zayyana: dagi, da zanen aska takwas na babbar riga, da irin ƙawar da ake yi a bangon tsofaffin gidaje na cikin gari. Masu sayensu yawanci ba su san Hausa ba, ado suka gani, kuma a matashin kujera da jaka da zanen rataye bango suka fi saye, ba a riga ba. Da na gane haka sai na sauya sunayen zanen da kalmomin nema. Da can ina rubuta abin da ni na san zanen da shi. Yanzu sai in fara rubuta kalma a akwatin nema na kasuwar, in ga abin da yake cikasa mini, domin wannan shi ne abin da mutane suke rubutawa da gaske, in ɗauki waɗanda suka dace da zanena, sunan Hausar kuma ya biyo baya a cikin bayani. Zanen bai canza ba, amma aka fara ganin sa. Na kuma daina sabon tunani kullum. Idan zane ɗaya ya sayar, sai in yi masa ƙanne: wannan da shuɗin baba irin na marina, wannan da jan ƙasa, wannan da ruwan zinare a kan baƙi. Littafin ya kuma nuna baƙar riga da shuɗi mai duhu sun fi fara fita nesa ba kusa ba, saboda haka kowane zane da farin rubutu nake fara yin sa. Wanda ya shekara bai motsa ba a Amazon, in cire shi in ba wani gurbin.

Abu na biyu shi ne kalandar masu saye, wadda ba tamu ba ce. Yawancin rigunan nan kyauta ake sayensu a ba wani, don haka ciniki yana bin ranakun kyauta. Ranar uwa a Amurka Lahadi ta biyu ce a watan Mayu, ta uba Lahadi ta uku a Yuni. Makon ma'aikatan jinya daga 6 zuwa 12 ga Mayu ne. Watan tarihin baƙar fata Fabrairu ne a Amurka, Oktoba a Ingila, kuma a nan zayyanata ta fi tashi. Daga ƙarshen Nuwamba zuwa tsakiyar Disamba kuwa kasuwa ce ta shekara, abin da na samu a lokacin ya fi na watanni da dama a haɗe, Janairu kuma sai a koma zaman jira. Zanen da aka ɗora ana saura mako guda ya makara, domin na'urar nema ba ta gama saninsa ba, mai saye kuma yana lissafin kwanakin aikowa. Ni wata biyu kafin lokaci nake ɗorawa. Azumi ma haka: tun watan Rajab nake shirya na Ramadan da Sallah saboda Musulmin Ingila da Amurka, kuma wannan fage ne da muka fi Bature sanin abin da ya dace da wanda bai dace ba. Na kuma buɗe asusu a shafin hotuna na Pinterest ina liƙa hotunan kayan da adireshin shagon. Ba ya kawo mutane nan take, amma hoton da aka liƙa bara yana iya kawo mai saye bana.

Maganar abin da ya dace ta sa in faɗi wani abu da ba za ka ji a bidiyon Turawa ba. Idan ka ɗora zane, kasuwar tana shimfiɗa shi a kan kaya iri-iri kai tsaye, sai kai ka bi ka kashe waɗanda ba ka so. Na taɓa yin rubutun Larabci mai kyau na barka da Sallah, sai na tsaya ina tunanin inda zai iya ƙarewa. Na je na sami malaminmu bayan sallar Isha'i na ce, "Allah gafarta Malam, idan na rubuta aya ko sunan Allah a zane, aka buga a rigar da ban san wanda zai sa ba fa?" Ya ce, "Kai ka san inda zai shiga da ita? Ka san a kan me za a zauna?" Daga nan ban ƙara sa aya ko sunan Allah a kan wani kaya ba, ko da kuwa na ga wasu suna ciniki da su. Gaisuwar Sallah da jinjirin wata da fitila sun wadatar, su ma ina kashe su a kan matashi da kayan jarirai idan da rubutun Larabci a jiki.

Wajen cire kuɗi ma akwai abin da ke ƙara ko rage abin da ya rage maka. Kowace cirewa tana da caji, kuma farashin da ake juya dala zuwa naira da shi ba ya kai na 'yan canji. Da ina cirewa duk wata ko nawa ne. Yanzu ina bari su taru, in tura asusun dala, in sayar lokacin da nake bukata. A farkon 2024 da dala ta haura naira 1,500, ɗan abin da ya taru ya yi mini rana, har na sayi ƙaramar sola da batir na daina jingina da maƙwabci. Amma kada hawan dala ya ruɗi mutum, domin data da mai da kayan kwamfuta su ma sun hau tare da ita. A shafi na ƙarshe na littafin nan nake rubuta abin da na kashe, kuma wata ba ya zama mai riba a wajena sai ya biya data da cajin cirewa. Sannan duk zanen da ya fara tafiya, ka sa ran ganin sa a shagon wani. Na ga dagina da launina a shagon da ban san mai shi ba. Kowace kasuwa tana da fom na ƙorafin haƙƙin mallaka. Za su nemi adireshin zanenka na asali da na wanda aka kwafa, shi ya sa nake adana fayil ɗin CorelDRAW na kowane zane da ranar da na yi shi. Na cika, bayan kwanaki aka sauke nasa.

Har yanzu ban bar shagon Ƙofar Ƙaura ba, kuma katin biki shi ne ke ciyar da gida a yawancin watanni. Kuɗin zane suna biyan kuɗin makarantar yara, a ƙarshen shekara kuma su yi abin da ya fi haka. Sa'o'i biyu nake ba aikin bayan Isha'i, kwana uku ko huɗu a mako: dare ɗaya na duba littafi da kalmomin nema, sauran na zane da ɗorawa. Wannan watan ina ɗaukar hotunan zayyanar tsofaffin zauruka a unguwannin da ke kewaye da hasumiyar Gobarau, da izinin masu gidajen, ina mayar da su zane kafin Fabrairu.